Yini Guda a Kwarin Mutuwa

Duk wanda ya buɗe taswirar Death Valley, wato Kwarin Mutuwa da ke gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, zai ga wuraren da ake zuwa kallo kusan a jere suke, har ya ɗauka zai bi su ɗaya bayan ɗaya yadda hanya ta kai shi. Yayana bai yarda da wannan ba. Ya saba tuƙi a irin wannan ƙasa, kuma da muka zauna tsara yinin da za mu yi a can, sai ya karɓi biro ya shiga rubuta lokaci a gefen kowane wuri: wannan na asuba ne, wannan kafin hantsi, wannan sai rana ta take, wannan sai la'asar sakaliya. Da ya gama na duba, na ga akwai hanyar da za mu bi sau uku ko fiye a yini ɗaya.

"Yaya, wannan ai kai-komo ne," na ce. "Ga asarar mai."

Ya ce, "Mai ana sayar da shi. Ka bar rana ta tsara mana, za ka gani."

Mu uku ne a motar: ni da shi da ɗansa, yaro ɗan makarantar sakandare mai yawan tambaya. Farkon watan Afrilu ne, zafi ya fara amma bai yi tsanani ba. Kwarin yana cikin gandun ƙasa ne, wato yankin da gwamnati ke karewa, wanda ya zarce murabba'in kilomita 13,000, kuma in an cire na Alaska babu gandun ƙasa a Amurka da ya kai shi faɗi, don haka tun farko mun san ɗan yanki kawai za mu taɓa.

Shiri tun dare muka yi shi a masaukinmu na garin Pahrump, a ɓangaren jihar Nevada. Hukumar gandun tana ba da shawarar kowane mutum ya tanadi aƙalla lita huɗu na ruwa a yini. Mu mun ninka, muka ƙara da jarka ɗaya ta daban saboda lagireto. Muka cika tanki, Yaya ya auna iskar tayoyi har da na safaya, ya duba jak da sifana. Ni kuma na sauke taswira a waya, domin a yawancin kwarin babu sabis, sannan muka riƙe ta takarda. Abu na ƙarshe, muka aika wa gida saƙo cewa ga inda za mu, ga lokacin da ya kamata a ji daga gare mu. Ina ganin wannan saƙon ya fi duk sauran shirin muhimmanci. Idan mota ta mutu a irin wannan wuri, abin da ake so shi ne mutum ya zauna a jikin motarsa har a zo, kuma ba za a zo ba sai akwai wanda ya san ka yi jinkiri.

Da duhun asuba muka kama hanya. Bayan wani ɗan ƙauye da ake kira Death Valley Junction muka hau babbar hanya mai lamba 190, daga nan sai gangara, gangara ba ƙaƙƙautawa, har kunnuwa suna toshewa. Gari ya fara wayewa lokacin da muka tsaya a Zabriskie Point. Daga wurin ajiye motoci ɗan hawa ne kaɗan a kan daɓe, amma akwai sanyi sosai, iska na shiga har ƙashi. Yaron da ya ƙi ɗaukar rigar sanyi sai ga shi ya naɗe hannuwa a ƙirji, uban ya cire tasa ya ba shi.

A nan mutum yamma yake fuskanta, rana kuma ta bayansa take fitowa. Saboda haka hasken ba a gabanka yake farawa ba. Can tsallaken kwari yake fara sauka, a kan ƙololuwar duwatsun Panamint, su yi ja-ja-ja alhali kai kana cikin inuwa. Sai ya riƙa saukowa a hankali, ya ƙetare farin filin gishiri, ya hau wani tsauni mai tsini da ake kira Manly Beacon, sannan ya bazu a kan tuddan da ke ƙarƙashin ƙafarka. Tuddan duk sun yamutse, rawaya da ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, ba ko ciyawa ɗaya a jikinsu. Laka ce ta wani tafki da ya ƙafe shekaru kusan miliyan biyar da suka wuce. Ƙasar ba ta shan ruwa, shi ya sa duk sa'ad da aka yi ruwan sama, duk da ƙarancinsa, sai ya gangara da ƙarfi ya tsattsaga ta. Kyan wurin duka cikin 'yan mintoci ne. Da rana ta ɗan ɗaga, inuwoyin da suka fito da kowace tsaga sai suka janye, tuddan suka koma fari fat. Mutanen da suka iso a lokacin, suna fitowa daga mota da kyamarori, wani wurin daban suka tarar.

Sunan wurin na Christian Zabriskie ne, wani babban manajan kamfanin haƙar ma'adinin boraks na da. Tsaunin mai tsini kuwa an sa masa sunan William Lewis Manly, kuma labarinsa ne ya fi riƙe ni. A ƙarshen 1849 wasu ayarin masu neman zinariya suka bar hanyar da aka sani don neman yanke, suka faɗo cikin kwarin nan da kekunan shanunsu, suka rasa mafita. Manly da abokinsa John Rogers suka fita a ƙafa neman agaji, suka yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, kuma bayan kusan wata guda suka dawo da guzuri suka fitar da iyalan da suka bari. Da sun ga dama da ba su dawo ba, babu mai tuhumarsu. Mutum ɗaya ne daga ayarin ya rasu a cikin kwarin, amma an ce da suna fita wani ya waiwaya ya yi bankwana da "kwarin mutuwa", sunan ya zauna har yau.

Ba mu tsaya a Furnace Creek ba, ɗan garin da cibiyar baƙin gandun take, muka karya kudu kai tsaye zuwa Badwater, tafiyar kilomita 27. Gaggawar tana da dalili. Baƙaƙen duwatsun da ke gabas suna riƙe inuwa a kan wurin har zuwa hantsi, kuma tafiyar ƙafa mafi tsawo ta yinin a nan take.

Badwater ya yi ƙasa da doron teku da mita 86, babu inda ya fi shi ƙasa a duk Amurka ta Arewa. Lambar ba ta shiga kai sai an juya an ɗaga ido. Can sama a jikin dutsen da ke bayan wurin ajiye motoci an kafa wani farin allo da ke nuna inda ruwan teku zai tsaya da a ce zai iya shigowa. Yaron ya daɗe yana nema kafin ya gano shi.

"Baffa, wato yanzu a ƙarƙashin teku muke tsaye?"

"Da babu duwatsun nan tsakaninmu da shi, haka ne," na ce.

Kusa da dakalin katako akwai wani ɗan kududdufi da ba ya ƙafewa. Ruwan ba guba ba ne, gishiri ne ya yi masa yawa, kuma akwai wani ƙanƙanin dodon koɗi da ke rayuwa a ciki, shi ya sa aka hana taka bakinsa. Daga nan muka miƙe cikin filin. Da farko hanyar ta daddale saboda sawun mutane, sumul kamar an yi mata daɓe. Sai an yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya, inda masu gaggawa suke juyawa, sannan gishirin na ainihi yake bayyana. Ya tsattsage gida-gida, kowane gida mai kusurwa biyar ko shida, da ɗan tudu a gefensa wanda bai fi tsayin yatsa ba. Na tsuguna na duba. Gefen ba santsi gare shi ba, ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙyalli suka hau kan juna, wasu da siraran zare-zare farare. Lakar da ke ƙasa ce take bushewa ta tsage, ruwan gishiri ya biyo tsagar ya hau sama, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. Na dangwali kaɗan da yatsa na kai baki. Gishiri ne sosai, irin na ci, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

Dukan filin nan gindin tafki ne. A zamanin ƙanƙara akwai babban tafki a nan da masana suke kira Manly, zurfinsa ya kai wajen mita 180. Yanzu ruwan saman shekara bai fi santimita biyar ko shida ba, zafin kuwa zai iya ƙafar da ruwa mai zurfin kusan mita huɗu a shekara. Duk da haka tafkin yakan leƙo. A watan Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zubar da ruwan shekara guda a yini ɗaya, kuma bayan ƙarin ruwa a Fabrairun 2024 har ƙananan kwale-kwale aka tuƙa a inda muke tsaye.

A gabanmu, tsallaken filin, tsaunin Telescope yana tsaye da dusar ƙanƙara a kansa, tsayinsa mita 3,366. Ido yana cewa in ka daure za ka kai gindinsa kafin azahar. Ƙarya ido yake yi. Busasshiyar iska da rashin itace ko gini da za a auna nisa da shi suna sa komai ya matso kusa. Yaya yana da doka a kan wannan: da zarar gorar kowa ta kai rabi, a juya, ko da abin da ake so a gani yana gaba kaɗan. Muna juyawa inuwar dutsen ta janye gaba ɗaya, hasken ya riƙa dukanmu ta sama da ta ƙasa, domin farin gishirin yana mayar da shi fuska. Ko da tabarau sai mutum ya ƙanƙance ido. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ga gumi a jikina ba ko kaɗan. Yana fita iska tana shanye shi. Sai da muka koma mota na ga farin layi a bayan rigar Yaya, gishirin jikinsa ne ya bushe. Tun daga nan kowace tsayawa sai kowa ya sha ruwa, da ƙishi ko babu.

A hanyar komawa arewa muka ratse wata gajeriyar hanyar burji zuwa inda ake kira Devil's Golf Course. Nan ma gishiri ne, amma ya haɗu da laka ya yi curi-curi masu kaifi, wasu sun kai gwiwa. Faɗuwa a kai yanka ce, don haka uban ya hana yaron shiga ciki. Muka tsaya a baki, Yaya ya kashe mota ya ce kowa ya yi shiru. Can sai muka fara jin wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, nan da can, siririya ƙwarai. Ƙwayoyin gishirin ne suke fashewa yayin da zafi ke buɗa su. Minti goma ya ishi wurin, amma da mun bar inji yana aiki da mun tafi ba mu ji komai ba.

Rana ta kusa tsaka muka shiga Furnace Creek. Bayan farin fili da baƙin dutse, ganin koren itatuwa da dogayen dabino yana sanyaya ido. A cibiyar baƙi muka biya kuɗin shiga gandu, muka cika gorunanmu, muka zauna cikin sanyi. A ƙofar akwai babban ma'aunin zafi da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa, ranar yana nuna digiri 36. A nan ne ranar 10 ga Yulin 1913 aka auna digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyos, wanda har yanzu shi ne zafin iska mafi girma da Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da shi, ko da yake wasu masana suna shakkar awon na wancan lokaci. Na baya-bayan nan kuwa, digiri 54.4 a Agustan 2020 da kuma Yulin 2021, da na'urorin zamani aka auna su.

Dalilin zafin yana cikin siffar kwarin. Dogo ne, siriri, mai zurfi, duwatsu sun kewaye shi. Rana tana gasa ƙasar da ba ta da ciyawa, iska mai zafi ta tashi, duwatsu su tare ta, ta ɗan huce ta sake saukowa, nauyin iskar da ke sama ya matse ta ta ƙara zafi. Haka take ta juyawa a ciki. Ruwan sama kuma, kafin gajimare daga tekun Pasifik ya iso sai ya haye jerin tsaunuka huɗu, mafi girmansu Sierra Nevada, kowanne ya tatse shi. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Akwai abin da na karanta a cibiyar da ya canja mini yadda nake kallon sauran yinin. Kwarin nan da baƙi suka laƙaba wa mutuwa gidan mutane ne. 'Yan ƙabilar Timbisha Shoshone sun zauna a nan ɗaruruwan shekaru kafin ayarin 1849, suna yin lokacin sanyi kusa da maɓuɓɓugan ruwa na ƙasa, in zafi ya taso su haye duwatsu. Da aka mayar da wurin ƙarƙashin kariyar gwamnati a 1933 sai suka zama kamar baƙi a ƙasar kakanninsu, kuma sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta mayar musu da wani yanki, har da fili a Furnace Creek inda ƙauyensu yake har yau. Shekara sittin da bakwai ba ƙaramin jira ba ne. Na kuma lura cewa tsarin da Yaya ya zana mana na yini ɗaya, ƙasa da safe, sama da tsakar rana, shi ne abin da su suke yi a tsawon shekara.

A nan muka yanke shawara mafi wuya. Yaron ya ƙwallafa rai a kan Ubehebe, wani ƙaton rami da aman wuta ya haƙa a arewacin gandun, mai zurfin wajen mita 180. Muka tambayi wata ma'aikaciyar gandun. Ta ja yatsa a kan taswira ta nuna mana nisan, kusan kilomita 90 zuwa kawai, ta ce in mun je to mu haƙura da wurare biyu daga cikin waɗanda suka rage. Yaya ya dubi ɗansa.

"Ka ji dai. Ko mu je mu leƙa mu juyo a guje, ko mu bar shi sai mun sami lokacinsa."

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Abba, a bar shi. Amma ba a fasa ba."

"Ba a fasa ba."

Ina ganin daidai muka yi. Na sha ganin masu yawon buɗe ido suna dira daga mota, su ɗauki hoto, su koma, inji bai ma mutu ba. A ƙarshen yini sun je ko'ina, amma ka tambaye su launin ƙasar wuri na uku ba za su iya faɗa ba.

Kafin mu bar yankin muka tsaya a kangon masana'antar boraks ta Harmony, 'yan mintoci daga cibiyar. Boraks wani farin ma'adini ne mai kama da kanwa, ana amfani da shi wajen yin sabulu da gilashi da haɗa ƙarfe. Daga 1883 zuwa 1888 ma'aikata, yawancinsu 'yan China, suna kankaro shi daga filin gishiri ana dafawa a nan. Saura tukunyar ƙarfe da rusasshen bango da kekuna biyu da tankin ruwa. Na tsaya a jikin ƙafar baya ta keke ɗaya, ta fi ni tsayi, domin ta haura mita biyu. Dabbobi ashirin ke jan su, alfadarai 18 da dawakai biyu, tafiyar kilomita 265 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave, kwana goma a hanya. Da tsananin zafi aikin tsayawa yake yi, ba don tausayin ma'aikata ba, sai don boraks ɗin ba ya daskarewa in zafi ya yi yawa. Zagayen wurin bai kai kilomita ɗaya ba, amma babu inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya, kuma mun koma mota kowa fuskarsa ta yi jawur.

Daga nan sai hawa. Muka sake bin hanyar da muka shigo da asuba, muka wuce Zabriskie Point wanda yanzu ya koɗe ba ka ce shi ne na ɗazu ba, muka karya zuwa Dante's View, kusan kilomita 40 daga Furnace Creek. Yaya ya kashe na'urar sanyaya mota ya sauke gilasai, idonsa rabi a hanya rabi a allurar zafin inji. Ƙarshen hanyar tsaye yake da lanƙwasa masu matsi, har an hana dogayen motoci hawa. Iskar da ke shigowa ta taga tana ta yin sanyi muna hawa, kuma da muka fito a sama, mita 1,669, sai da yaron ya sake neman rigar uban.

Nan muka fi daɗewa, kuma nan ne ya fi kwanta mini a rai. Badwater yana ƙarƙashinmu kai tsaye. Hanyar da muka taka da safe ta zama siririn farin zare, mutanen da ke kanta ɗigo-ɗigo, sai da madubin hangen nesa muka tabbatar suna motsi. Daga nan ake ganin kwarin a matsayin abu ɗaya: farin gishiri yana malala a tsakiya kamar kogi, a bakin kowane kwazazzabo kuma tsakuwa da duwatsu sun bazu, shaidar ambaliyar da ta sha fitowa daga cikinsa. Abin mamaki ne a ce wurin da ya fi ko'ina bushewa ruwa ne ya sassaƙa shi, amma daga sama babu musu. Muka ci abin da muka riƙo a cikin kula, Yaya ya kwantar da kujera ya ɗan runtsa, domin shi kaɗai ke tuƙi tun asuba. Wannan hutun yana cikin tsari tun farko, an rubuta masa lokacinsa kamar kowane wuri. Direban da ya gaji a kan waɗannan hanyoyi ya fi zafin rana haɗari, kuma hukumar gandun da kanta tana gargaɗin cewa hatsarin mota ɗaya tilo, ba tare da ta yi karo da wata ba, yana cikin abin da ya fi kashe mutane a nan.

Saukowa da ƙaramar giya muka yi, ba a ɗora wa birki nauyin duka ba. Muka sake ratsa Furnace Creek muka koma hanyar Badwater a karo na uku, domin Artists Drive. Hanya ce mai kilomita 14, a bi ta gefe ɗaya kawai, tana shiga gindin duwatsu tana hawa da sauka, har yaron yana ihu duk sa'ad da mota ta faɗa kwari ta taso. Da safe mun wuce ta bakinta ba mu shiga ba, domin duwatsun yamma suke kallo, kuma sai la'asar hasken yake dukansu a fuska. A tsakiyarta akwai wani gefen dutse da ya yi dabbare-dabbare: ja, ruwan hoda, rawaya, kore mai haske, shuɗi-shuɗi, shunayya. Tokar aman wuta ce ta da, wadda ruwa mai zafi da iska suka sauya ma'adinan da ke cikinta. Ja da rawaya na tsatsar ƙarfe ne. Na matsa kusa da koren na ga ba dutse ba ne mai tauri, ƙasa ce mai garin gaske, tana marmashewa in an taɓa. Daga kusa launin yakan dusashe, sai an ja da baya yake fitowa sosai. A hanyar fita wani koyote, dangin dila, ya tsaya a gefen kwalta yana kallon motoci, alamar an saba jefa masa abinci. An hana yin haka, kuma hanin yana da hujja, domin irinsu ne mota ke takewa.

Saura wuri ɗaya, kuma yanzu da rana muke tsere. Tuddan rairayi na Mesquite Flat suna arewa, kusa da wani ɗan ƙauye mai suna Stovepipe Wells, fiye da kilomita 35 daga Furnace Creek. Lokacin faɗuwar rana da waya ke nunawa ba shi ne na nan ba, domin duwatsun yamma suna ɓoye ta tun kafin lokacin. Yaya ya san haka, shi ya sa bai bari mun yi jinkiri a Artists Drive ba.

Mutane da yawa in an ce hamada rairayi suke gani a zuci, amma a gandun nan tuddan rairayi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai inda abu uku suka haɗu suke taruwa: duwatsun da ke zaizayewa su ba da yashi, iskar da za ta kwaso shi, da tsaunin da zai tare ta ta sauke kayanta. A nan tsaunin Tucki ne ke tarewa. Kusa da wurin ajiye motoci yashin duk sawun mutane ne, don haka muka yi gefe muka nausa ciki. Tafiya a kan kaifin tudu ta fi sauƙi, yashin ya fi tauri a ɓangaren da iska ke bugawa. Inda ba a taka ba, saman yashin ya yi layi-layi, kuma a kai akwai rubutun daren jiya: sawun ƙwaro kamar ɗinki, sawun ƙadangare da jan wutsiyarsa a tsakiya, da wasu tagwayen ɗigo na wani ɓera mai tsalle da dogayen ƙafafun baya, wanda zai iya rayuwa bai taɓa shan ruwa ba, daga ƙwayoyin da yake ci jikinsa ke samun abin da yake buƙata. Yaron ya bi sawun har bakin wani rami a gindin itacen mesquite, uban ya ce kada ya sa hannu, akwai macizai masu tafiyar karkace a wurin.

Tudu mafi tsayi bai wuce mita 30 ba, amma bayan yini irin wannan ƙafafu sun yi nauyi, kowane taku uku yashi ya ƙwace ɗaya. Ba mu kai shi ba. Muka zauna a kan wani matsakaici, muka ga kowane tudu ya rabu biyu, gefe ɗaya ruwan zinariya ɗayan baƙi. Tun da sauran haske Yaya ya sa muka juya muka tantance inda mota take, muka ɗauki wani tsagin dutse a bayanta ya zama alama, domin in duhu ya shiga tuddan duk iri ɗaya suke komawa. Da tocila muka ƙarasa ƙarshen tafiyar.

A Stovepipe Wells muka sake cika tanki, ko da yake man bai sauka zuwa rabi ba, domin gidajen mai a gandun uku ne kacal kuma nesa da juna. Na ƙirga ruwa, na ga mun sha fiye da abin da hukumar ta ƙiyasta, jarkar lagireto ce kawai ba a taɓa ba. Hanyarmu ta gobe yamma ta nufa, ta mashigar Towne mai tsayin mita 1,511, hawa mai tsawo da ke dafa inji. Yaya ya ce ba zai buɗe lagireto ba sai da safe in mota ta huce. Yaron kuwa ya baza taswira a kan bonet yana haska ta, yana auna tazarar Ubehebe daga nan da yatsunsa.

"Abba, daga nan ya fi kusa. In mun tashi da asuba za mu dawo kafin zafi."

Yaya ya karɓi biro ya duba, ya goge lokacin da ya sa wa mashigar Towne, ya mayar da shi bayan la'asar.